Tsirkiyar Garaya Da Molo: Shin Igiyar Fatsa Ta Ɓata Mana Kiɗa?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana tasowa tsakaninmu ɗaliban Hausa da ke zaune a Malam Inna, musamman idan lokacin aikin bincike a kan waƙar baka ya zo. Wasu na cewa duk makaɗin da ya ɗaura wa molonsa igiyar lailon, wato irin wadda masuntan Dadin Kowa ke sa wa fatsa, to ya yi wa al'ada yankan ƙauna. A tawa fahimtar, wannan hukunci ya yi tsauri, kuma ya kauce wa inda gizo ke saƙa.

Bari mu fara da kayan kiɗan. Garaya tsirkiya biyu gare ta, kuma an san ta da kiɗan mafarauta da na 'yan bori. Babbarta ita ake kira komo. Molo kuwa galibi uku gare shi, gurmi kuma ƙoƙo ne aka rufe da fata. A da, makaɗi kan murɗa izgar doki ko fata ko jijiya ya yi tsirkiya. Wanda ya san yanayin Gombe ya san wahalar da ke nan. Da damina, fata takan sha laima ta saki, sautin ya kwanta. Da hunturu kuma ta bushe ta yi tauri, wani lokaci ta tsinke ana tsakiyar sha'ani. Ga shi kuma dawaki sun yi ƙaranci a hannun talaka, sai dai a gan su ranar hawan salla. To, mutumin da kiɗa ne abincinsa, ya ga igiya mai araha wadda ruwa bai dame ta ba, a ce kada ya saya? Haba jama'a!

Masu kukan asali su tuna da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tal. Gwangwani dai ba kakanninmu suka ƙera shi ba, amma ban taɓa jin wanda ya ce "Waƙar Karen Mota" ba ta Hausa ba ce. Hasali ma, wannan siririn amo mai kaifi shi ya dace da waƙoƙinsa, domin magana ce a cikinsu mai gudu da barkwanci da kwaikwayon muryoyin mutane, kuma kiɗan ba ya danne ta.

A nan ne nake ganin masu sukar suna da 'yar gaskiya, sai dai ba su faɗe ta daidai ba. Kowace waƙa da amon da ta tashi a cikinsa. Taken maharbi ana kaɗa shi ne don a tsima namiji, jikinsa ya ɗauki rawa ya miƙe ya yi kirari. Wannan yana son tsirkiya mai kauri, mai gurnani, wadda amonta ke mutuwa da wuri ya bar wa kirari fili. Idan aka ɗaura wa garaya siririyar igiya mai ƙara kamar jita, take yana nan, amma nauyinsa ya ragu. Saboda haka abin tambaya shi ne, wace waƙa za a yi, kuma wane kauri ne ya dace da ita? Lailon ma ai kauri-kauri ne.

Turawa sun riga mu shiga wannan rigima. Suna da wani tsohon abin kiɗa mai kama da molo da suke kira lut, wanda sunansa ya samo asali daga udu na Larabawa. Da hanjin tumaki ake yi masa tsirkiya a zamanin John Dowland na Ingila, wanda ya rasu a 1626. Da lailon ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, makaɗa da yawa suka rungume shi. Daga baya wasu suka koma wa hanji don su ji yadda kiɗan ƙarni na 16 da na 17 yake a kunnen mutanen lokacin. Sun iya yin haka ne domin magabatansu sun bar musu bayani a rubuce.

Mu fa, me muke rubutawa? Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, kiɗa yakan riga kalmomi shiga kunnena, shi ya sa abin ke damuna. Ɗalibi zai je wurin makaɗi, ya naɗo waƙa, ya juye baitoci a takarda, ya fito da jigo da salo da zubi, sannan ya sallami abin kiɗan da layi guda: "yana amfani da garaya." Tun 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, amma mu da ke zaune da makaɗan mun bar wannan fage.

Shawarata ga duk wanda zai fita bincike bana ita ce, ya ƙara tambayoyi kaɗan a takardarsa. Da me aka yi tsirkiyar? Da me ubangidansa ya yi tasa? Mene ne sunan kowace tsirkiya a bakinsa? Akwai taken da ya daina kaɗawa tun da ya canza igiya? Wannan ta ƙarshen ita ce na fi so a yi wa tsofaffin masu garaya, tun suna da ƙarfin ɗaukar ta su kaɗa mana mu ji bambancin.