Kafin a ɗauko fetur da ashana

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu mu cire hannunmu daga ciki. Duk lokacin da kudan zuma suka sauka a reshen bishiya kusa da hostal ko bayan masallaci, kafin ka ce kwabo wani ya ɗauko fetur, wani ya kawo Sniper. Kuma wa ake kira? "Aboki, kai ka san wannan abin." Mu ma don a ce muna da zuciya sai mu naɗe wando mu cinna musu wuta. Gobe kuma ka ga mutumin nan a Sabo yana taya kwalbar zuma, yana rantsuwa babu maganin da ya kai ta. To daga ina yake so ta fito?

Wancan dunƙulen da kuke gani yana reto a reshe ba yaƙi ya kawo su ba, ƙaura suke. Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya takan fita da wani kaso na ma'aikata, su sauka wuri guda su lulluɓe ta, wasu kuma su tafi neman sabon gida. Yawanci daga 'yan awoyi zuwa kwana biyu ko uku sun tashi. A wannan halin ba su da saƙa, ba su da 'ya'yan da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Mai jifa da dutse shi ke jawo wa kowa. Kuma in ka murƙushe ɗaya, wani wari take saki wanda ke kiran sauran, sai abin ya zama gudu ya ƙare.

Ban ce babu haɗari ba fa. Zumarmu ta Afirka tana da zafin rai idan ta riga ta kafa gida, kuma wadda ta shiga silin ɗakin kwana dole a fitar da ita. Akwai mutanen da harbi ɗaya kan kumbura musu fuska da maƙogwaro har numfashi ya gagara. Irin wannan asibiti za a nufa da shi a guje, ba a tsaya shafa manja ba. Amma fitarwa daban, ƙonewa daban. Mai kiwon zuma da hayaƙinsa da akwatinsa zai kwashe su da yamma ya tafi da su, yana ma godiya. Shi kuwa Sniper da ake fesawa a ɗakin da mutum shida ke kwana, ku tuna tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu kuɗin makaranta daga gona yake fitowa. Gaskiya ne gero da dawa da masara ba ruwansu da zuma, iska ke musu barbara. Amma riɗi fa? Kankana, kabewa, auduga, mangwaro, kaɗanya? Ita kankana furen namiji daban, na mace daban, in babu ƙwaron da zai ɗauki ƙurar wannan ya kai wa wancan, sai dai yabanya ta yi kore shar babu 'ya'ya. A Burkina Faso an yi gwaji, aka rufe furannin riɗi don kada zuma ta taɓa su, amfanin ya ragu da fiye da rabi. Ɗan Jigawa ko Nasarawa da riɗin babansa ke biya masa rajista, ya zauna ya yi wannan lissafin. A duniya ma, kusan uku cikin huɗu na manyan amfanin gona da ake ci suna da buƙatar irin waɗannan ƙwari, ko da kaɗan ne.

A gida ma ba mu tsira ba. Masu cire zuma da dare da bakin wuta sukan ƙone gidan gaba ɗaya don galan guda. Manomi kuma ya fesa maganin ƙwari da hantsi, lokacin da fure ya buɗe zuma na tsakiyar aiki, alhali in ya bari sai yamma liƙis da ɓarnar ta ragu sosai. Wannan bayanin ba ya buƙatar digiri, amma wa zai faɗa wa Baba in ba ɗansa da aka tura jami'a ba?

Tunda an zo maganar magani, sura guda aka sanya wa sunan wannan ƙwaro a Alƙur'ani, Suratun Nahl, kuma babu mai musun amfanin zuma ga tari da miki. Sai dai a kiyaye abu biyu: ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, komai ƙanƙantarta, kuma mai ciwon suga kada a ruɗe shi da cewa ita ba ta ƙirguwa. Wadda ake dafa suga a zuba a kwalba a tasha kuwa, wannan maganar wata rana ce.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu na jihohi: a je tsangayar aikin gona a tambaya ko akwai malami ko ma'aikacin da ke kiwon zuma, in babu su za su san wani a gari. A karɓi lambarsa a manna a gurup ɗin WhatsApp da allon masallaci. 'Yan aji huɗu da ke yawon neman taken furojet kuma, ga shi nan yana reto a bishiya.