Mai Hoton Yamai da Masu Hoton Daura



Akwai wani fim na tarihi mai suna Photo Souvenir, wanda wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Paul Cohen da Martijn van Haalen, suka fitar a 2006. Labarin Philippe Koudjina ne, haifaffen Kwatano a 1940, wanda ya yi zango a Yamai har ta zame masa gida. A shekarun 1960 da 1970 yana yawo da kyamara a wuya, titi-titi, daga wuraren shaƙatawa zuwa gidajen biki, yana ɗaukar samari da 'yan matan Nijar da ke ɗokin sabon 'yanci.

Da masu fim suka iske shi, hawan jinin ido na cinye ganinsa, mota ta buge shi har sai da sanduna yake tafiya, kuma bara yake yi a bakin titi. Nagetif ɗin da ya tara kuwa suna jibge cikin kabad, ƙura ta lulluɓe su. A daidai lokacin ne takwaransa na Bamako, Malick Sidibé, duniya ke rububin hotunansa, har ya karɓi babbar lambar yabo a birnin Venice a 2007. Koudjina ya rasu a 2014.

Abin ya tsaya mini a rai, domin mu ma a Daura muna da irinsa. Wa ya ɗauki hawan Sallar Gani a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, da ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007? Wa ya tsaya a bakin rijiyar Kusugu yana ɗaukar baƙi da guga a hannu? Dattawa na tuna mai hoton akwati, wanda zai kafa ƙafafun katako uku a bakin kasuwa, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ce kar ka motsa.

A adakar mahaifiyata akwai hoton bikinta. Gefensa gara ta ci. Amma ana ganin lallen ƙafarta, da jeren kwanon sha a bayanta, da wata goggo da ta rasu tun ba a haife ni ba. Na juya bayansa, tambarin mai hoton ya koɗe, harafi biyu kaɗai suka rage. Na tambayi mutum uku a gidanmu, babu wanda ya tuna sunansa.

Yau kowane yaro da waya a hannu, kuma ita ta kashe wa masu wankin hoto kasuwa. To, wayar nan ta isa ta biya bashin. Samarinmu masu sha'awar fim, ba sai kun je Kano ba. Ku shiga unguwa ku tambayi inda tsohon mai hoto yake, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙi ya buɗe buhunsa, ku naɗi muryarsa yana faɗin wane ne wane. Masarauta kuma ta ware ɗaki guda marar yoyo, inda za a ajiye abin da aka samo kafin damina ta sake sauka.

Sai wani jiƙon.