Kwana nawa za ku yi a Cairns? Ku fara tambayar jikinku

A 'yan shekarun nan 'yan uwanmu da ke zuwa Ostareliya sun ƙaru: wasu karatu ya kai su, wasu aikin jinya, wasu kuma ziyarar 'ya'ya da jikoki ko halartar taro. Da yawansu idan sun je sukan so su leƙa Cairns, wani gari a arewacin jihar Queensland, inda abubuwan mamaki biyu suka haɗu a wuri guda. A cikin teku akwai Great Barrier Reef, shingen murjani mafi girma a duniya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. A tudu kuma akwai kurmin Daintree, wani ɓangare na dazuzzukan yankin da suka shiga wannan jeri a 1988.

Tambayar da aka fi yi ita ce, kwana nawa zai isa? Galibi kuɗin otal da kwanakin hutun ofis ake dubawa a ba da amsa. Ni kuwa a matsayina na mai harhaɗa magunguna, jiki nake so ku fara dubawa, domin akwai kwanakin da shi zai karɓe ko kun so ko ba ku so ba. Amsata a taƙaice ita ce: wanda ya taso daga Najeriya ya ware kwana bakwai cur a garin, ban da kwanakin hanya. Wanda ya riga ya yi mako ɗaya ko fiye a Sidni ko Birisben, kwana huɗu zuwa biyar sun ishe shi. Mai tafiya da ƙananan yara ko tsofaffi ya ƙara kwana biyu a kai. Ga dalilai.

Kwana biyun farko na barci ne

Babu jirgin da ke tashi daga Legas ko Abuja kai tsaye zuwa Ostareliya. Sai an ya da zango a wurare irin su Doha, Dubai ko Singapo, kuma tafiyar takan wuce kwana guda. Cairns na gaban Najeriya da awa tara. Ƙarfe takwas na safe a nan, ƙarfe biyar na yamma ne a can. Agogon cikin jiki ba ya juyawa lokaci ɗaya, yakan gyaru ne da kusan awa ɗaya a kowace rana, kuma tafiya gabas ta fi tafiya yamma wahalar sabo. Shi ya sa za ku ji barci na fizgarku da rana tsaka, da dare kuma ido ya bushe, ga ciwon kai da rikicewar ciki.

Kada ku sa shiga teku ko doguwar tuƙi a waɗannan kwanaki biyu, musamman da yake a can ta hannun hagu ake tuƙi. Ku fita ku sha hasken rana, ku sha ruwa sosai, ku ci abinci a kan lokacin garin. A bakin tekun Cairns akwai wani tafkin wanka da aka gina wa jama'a, kyauta ne, yara za su iya wasa a ciki hankali kwance.

Bambancin awa taran nan yana shafar magani. Mai shan maganin hawan jini ko na ƙanjamau ko ƙwayar tazarar haihuwa sau ɗaya a rana, ya lura da cewa tazarar awa 24 tsakanin sha da sha ita ce abin kiyayewa. Idan kun saba sha da takwas na dare a gida, a can ya zama biyar na asuba. Ku zauna da likitanku ko mai ba ku magani tun kafin tafiya a tsara yadda za a riƙa matsar da lokacin kaɗan-kaɗan. Masu allurar insulin su ne suka fi buƙatar wannan zama, domin tafiya gabas tana gajarta rana. Insulin a jakar hannu ake sa shi, don sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace.

Ranar teku, da ranar da ke bin ta

Daga Cairns zuwa tsibirin Green ko na Fitzroy kimanin minti 45 ne a jirgin ruwa. Zuwa can wajen shingen murjanin kuwa, awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, kuma yini guda ake yi. Wanda bai saba da teku ba yana iya fama da jiri da amai. Magungunan wannan matsala, irin su cinnarizine da promethazine da hyoscine, kafin a hau jirgi ake shan su, idan amai ya riga ya fara ba su cika amfani ba. Kowanne da lokacinsa, don haka ku karanta takardar cikin kwalin. Suna sa barci da bushewar baki, shi ya sa nake ba da shawarar a gwada su a gida tukuna. Mai hawan jinin ido ko kumburin mafitsara na maza kada ya sha hyoscine sai da izinin likita. Citta tana taimaka wa wasu.

Hanya biyu ake kallon murjani a cikin ruwa. Akwai iyo a saman ruwa da tabarau da bututun numfashi, akwai kuma nutso ƙasa da tukunyar iska a baya. Na biyun shi ne ke da ƙa'idar da ke shafar tikitin komawarku. Lokacin nutso, iskar naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka saboda matsin ruwa, kuma tana buƙatar lokaci ta fita. Idan mutum ya hau jirgin sama da wuri, inda matsin iska ya ragu, sai ta yi kumfa a jiki kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi. Wannan kan jawo ciwon gaɓoɓi, jin jiki ya mutu, har da shanyewar ɓarin jiki. Ƙungiyar Divers Alert Network ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa. Mafi kwanciyar hankali a ba shi awa 24. Hawa tsauni ma haka yake, don haka kada ku nufi tuddan Atherton da ke bayan garin washegarin nutso.

Ba kowa ne zai yi nutso da tukunya ba. Mai juna biyu, mai farfaɗiya, da mai cutar sikila su haƙura. Mai asma, ciwon suga ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi ya amince. Za a ba ku takardar tambayoyin lafiya kafin ku shiga ruwa, ku faɗi gaskiya a ciki. Iyo a saman ruwa ma yana gajiyar da zuciya fiye da yadda ake zato, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke rasa ransu a wajen manya ne masu matsalar zuciya. Baba ko Hajiya da ba su iya iyo ba, akwai jiragen da gindinsu gilashi ne, za su ga kifaye da murjani ba tare da sun jiƙe ba.

Ku bar rana guda fanko bayan ranar teku. Idan iska ta hana jirage fita, kuna da ranar maye. Idan kuma komai ya tafi daidai, ranar hutu ce, jiki zai gode muku.

Ranar kurmi

Daga Cairns zuwa Port Douglas tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota. Gaba kaɗan akwai kwazazzabon Mossman, ƙasar al'ummar Kuku Yalanji, 'yan asalin yankin, waɗanda ke zagayawa da baƙi suna nuna musu itatuwa da amfaninsu. Daga nan sai a tsallaka kogin Daintree a kan fito a nufi Cape Tribulation, kimanin kilomita 140 daga Cairns, inda kurmi ya gangaro har bakin teku. Ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya, amma gajiyar tana da yawa. Mai yara ya kwana ɗaya a Port Douglas ya raba tafiyar biyu.

A kurmin nan ku sa rufaffen takalmi da riga mai dogon hannu, kuma ku tsaya a kan hanyar da aka shata. Akwai wata bishiya da ake kira gympie-gympie, mai faffaɗan ganye mai siffar zuciya, wanda ƙananan gashi suka lulluɓe. Taɓa ta kawai yana jawo raɗaɗin da kan ɗauki makonni. Idan ta taɓa ku kada ku sosa wurin, a cire gashin da salatif a nemi asibiti. Akwai matsattsaku a wurare masu danshi. Akwai kuma manyan kadoji a koguna da bakin teku, don haka duk inda kuka ga allon gargaɗi kada ku kusanci ruwan, ko da wanke ƙafa ne.

Watan da kuka zaɓa yana canza lissafi

Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne a can, zafi da sauƙi, ruwan sama kaɗan. Daga Disamba zuwa Afrilu damina ce, kuma lokacin guguwar teku. A Disamban 2023 guguwar Jasper ta jawo ambaliyar da ta rufe filin jirgin saman Cairns ta kuma datse hanyoyin Daintree. Mai zuwa a damina ya ƙara aƙalla kwana biyu a lissafinsa.

Daga Nuwamba zuwa Mayu kuma lokacin jelifish ne, wata halittar ruwa mai kama da farar leda, mai zaruruwa masu dafi. Akwai babba da harbinsa kan iya kisa cikin mintuna, akwai kuma ƙarami da ake kira Irukandji, wanda bai wuce girman farce ba. Harbin ƙaramin ba ya zafi sosai da farko, sai bayan kamar rabin awa mutum ya fara ciwon baya mai tsanani, amai, gumi da hawan jini. Ku sa rigar kariya mai rufe jiki duka da masu jirage ke bayarwa, a bakin teku kuma ku yi wanka cikin ragar da aka kewaye kawai. Idan an harbi mutum, a fito da shi daga ruwa, a kwarara masa binega, wato ruwan khal, na aƙalla daƙiƙa 30, kada a murza wurin, kada a zuba ruwan sha, a kira 000, lambar gaggawa ta ƙasar.

Masu ciwon suga da ciwon ƙoda su ƙara kula a damina. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da taɓon yankin, tana shiga ta rauni ko ta numfashi ta haddasa cutar melioidosis. Kada ku taka taɓo ba takalmi, kuma ku rufe duk wani ciwo da ke jikinku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ostareliya ta rabu da maleriya tun 1981, saboda haka ba ku buƙatar maganin rigakafinta don zuwa can. Amma sauron yankin yana iya ɗauke da zazzaɓin dengi da na Ross River, don haka ku riƙa shafa maganin sauro. Idan zazzaɓi ya kama ku a can, ku gaya wa likita daga Najeriya kuka zo, domin wataƙila maleriya kuka taho da ita daga gida. Rana kuma tana da ƙarfi ƙwarai, baƙar fata ma tana ƙonewa. Ku shafa man kariya, ku sa malafa. Mai shan doxycycline ya ƙara kiyayewa, don yana sa fata saurin ƙuna.

Abin da za ku gama kafin ku tashi

Mai fitowa daga Najeriya za a tambaye shi katin rigakafin zazzaɓin shawara. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ana barin matafiyi ya shiga da maganinsa na wata uku, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita da Turanci mai ɗauke da sunansa. Kada ku juye ƙwayoyi a leda. Masu ƙarfi irin su tramadol da kodin ba a shiga da su sai da takardar likita, kuma dole a bayyana su.

Ƙasar tana da tsauri a kan abinci da tsirrai. Kilishi, dambun nama, goro, daddawa, saiwoyi da garin magani na gargajiya, duk sai an rubuta su a katin shiga ƙasa. Idan kun bayyana, jami'ai za su duba su bari ko su karɓe. Idan kun ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi, kuma ana iya soke biza. Sannan ku sayi inshorar tafiya, domin baƙo daga Najeriya shi ke biyan kuɗin asibitinsa a can. Ku tabbatar ta haɗa da nutso idan za ku yi.

Ga yadda zan jera mako guda: rana ta ɗaya da ta biyu hutu da zagaya gari. Ta uku a hau jirgin ƙasa ko keken igiya zuwa ƙauyen Kuranda da ke kan tudu, tun kafin a yi nutso. Ta huɗu teku. Ta biyar ranar maye. Ta shida Daintree. Ta bakwai Mossman ko cefanen tsaraba, washegari a kama hanya. Idan hutunku bai kai haka ba, ku rage wuraren zuwa, ku bar kwanakin hutun jiki yadda suke. Mai ciwon da yake shan magani kullum ya ga likitansa wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kafin tafiya, da jadawalin kwanakin a hannunsa.