Wa Ke Da Allon, Mai Saye Ko Mai Ƙira?

Akwai wata irin kwamfuta mai faɗi, marar kauri, kamar allo, wadda ake riƙewa a hannu ana taɓa fuskarta da yatsa. Abin da ke tafiyar da ita shi ne babbar manhajar da ke cikinta. In babu wannan, gilashi ne kurum da ƙarfe. To, akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa sai su wanke manhajar da allon ya zo da ita, su zuba wata wadda aka buɗe asirinta ga kowa, watau kowa na da izinin karanta ta, ya gyara, ya ba wani. Jama'a kan ce musu masu karambani, masu zaman kashe wando. Lalle ba a yi musu adalci ba.

A duba abin da ya faru a Amurka cikin 2011. Kamfanin HP ya fito da allonsa mai suna TouchPad ran 1 ga Yuli, kuɗinsa dala 499. Ba a cika wata biyu ba sai kamfanin ya ce ya fasa, ya karyar da ragowar a dala 99. Waɗanda suka saya fa? Oho! Allo lafiya lau, amma mai shi ya juya baya. Wa ya cece su? Masu karambanin nan ne, 'yan ƙungiyar CyanogenMod. Kafin shekara ta ƙare sun sa manhajar Android ta zauna a cikinsa. Da ƙungiyar ta watse a ƙarshen 2016, waɗansu suka ɗauki aikin da sunan LineageOS.

Ita Android ɗin ma da ake taƙama da ita, a kan Linux aka gina ta. Linux kuwa wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 don sha'awa kawai.

Masu zargi suna cewa mai karambani yakan kashe allonsa, kuma kamfani ba zai gyara masa ba. Gaskiya ne, yakan faru. Amma wanda ya kwance kekensa don ya gane yadda sarƙa ke jan ƙafa, ai nasa ya kwance, ba na maƙwabci ba. Abin tsoro na wajen masu ƙira ne, da sukan ɗauke hannu bayan 'yan shekaru, su daina aiko da gyaran da ke tare ɓarayin intanet, sa'an nan su garƙame allon yadda mai shi ba zai iya zuba wata manhaja ba. Kamfanin Apple a kulle yake sayar da iPad tun daga 2010. Kamfanin Huawei da yakan ba da mabuɗi ga wanda ya nema, sai ya daina a 2018. Mutum ya biya kuɗi lakadan, an ba shi ɗaki, an riƙe mabuɗi, ranar da rufi ya fara yoyo kuma a ce ya sayi sabo.