Wayar Intanet Ta Zo Damagaram, Saura Zango Da Wuta

Tun da aka binne wayar gilashi, wadda ma'aikata ke kira fibar, a gefen hanyar Magariya, 'yan kasuwa a Damagaram ke tambayar yaushe rezo zai daina yankewa. Tambayar kuwa tana bisa hanya, domin yau mai atamfa a Kasuwar Dole ta WhatsApp take nuna kayanta, dillalin bisashe kuma ta Nita ko Amana yake amsar kuɗinsa. Rezo ya ɗauke, ciniki ya tsaya.

Wannan waya zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, haske ne ke gudu cikinsa ɗauke da saƙo. To amma haske ma yana gajiya, yana dusashewa gwargwadon nisan tafiya. Shi ya sa ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, mai cibiya a Amurka, take zama tana yanke ƙa'idar nisan da kowace na'ura za ta kai saƙo. A shekarar 2002, da suka fitar da ƙa'idar gigabit 10, sun yanka mita 300, da kilomita 10, da kilomita 40. A 2017, da aka zo gigabit 400, sai aka tsaya a mita 500, da kilomita 2, da kilomita 10. Na kilomita 40 bai fito ba sai a 2019. Gardamar ta kuɗi ce. Duk nisan da aka ƙara, na'urar tana ƙara tsada, manyan kamfanoni masu rumbunan kwamfuta kuma gajeren nisa mai araha suke so, tunda daga wannan ɗaki zuwa wancan ne tafiyarsu.

Mu fa? Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne. A doguwar tafiya irin wannan, kowane kilomita 80 zuwa 100 sai an gina ɗaki an sa na'urar da za ta ƙara wa hasken ƙarfi, ke nan kusan ɗaki goma kafin saƙo ya iso mu. Jikokin fatake ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Ayarin da ke tashi daga Zango ya bi ta Agadas zuwa Tarabulus, komai ƙarfin raƙumansa, in rijiya ɗaya ta kafe a hanya tafiya ta ɓaci. Rijiyar wannan waya ita ce wutar lantarki. Mun kuwa ga abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba a maido ba sai a Maris na 2024.

Ba na raina aikin da aka yi. Shirin wayar da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya shimfiɗa sama da kilomita 1,000 a Nijar, ciki har da reshen Zinder zuwa Magariya zuwa iyakar Najeriya, aka kuma karɓi aikin a 2025. Ƙasar da ba ta da bakin teku tana buƙatar ƙofa fiye da ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da yawa na yammacin Afirka suka kwana cikin wahalar intanet.

Abin da nake ƙi shi ne a riƙa yi mana kirarin gudu, gigabit kaza da kaza, alhali ba a faɗa mana ɗakunan hanya nawa ke da wutar hasken rana tasu ba, ko wa ke gadinsu, ko awa nawa ake ɗauka kafin a ɗinke waya in mai haƙa rami ya sare ta. Sannan wayar da ta wuce ta bakin titi ba ta shigo kasuwa ba tukuna, sai an ja ta zuwa eriyar da salularki ke kamawa, Hajiya.

Shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata su rubuta waɗannan tambayoyi, su kai wa Niger Telecoms da hukumar ARCEP, su nemi amsa a rubuce, tare da ranar da wayar za ta iso eriyoyin da ke kewaye da Kasuwar Dole.