Ma'auninmu Na Tuba A Kife Yake

Akwai wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutanenmu: wai wanda ya taɓa bori ko bokanci ko tsafi, ko ya tuba ba a sakin jiki da shi. "Hali zanen dutse," in ji mu. Amma wanda ya ci dukiyar jama'a ko ya zubar da jinin bayin Allah, da zarar ya dafa Alƙur'ani ya rantse, ko ya je Umara ya dawo, shi ke nan an wuce wurin. Wannan ma'auni a kife yake, kuma ba daga addini muka samo shi ba.

Ku duba yadda ake yi wa matar da ta bar bori a unguwa. Ta tattara layu da guraye da zannuwan girka ta ƙone, ta shiga Islamiyyar matan aure tana haɗa baƙi da tsufanta. Duk da haka, ranar suna idan ta kawo tuwo sai a tura kwanon gefe. Aka zo neman auren 'yarta, sai wata gwaggo ta ja uwar ango ɗaki ta ce, "Kin dai san ko wace ce uwarta." Yaron maƙwabta ya yi zazzaɓi, sai a fara kallon ƙofarta. Ita ta rabu da bori, mu ne muka ƙi raba ta da shi.

Babu mai musun cewa shirka ita ce mafi girman zunubi. Sai dai Alƙur'anin da ya faɗi girmanta shi ne ya buɗe wa mai ita ƙofa. A Suratul Furƙan, aya ta 68 zuwa ta 70, an jera shirka da kisan kai da zina, aka yi musu alkawarin azaba, sannan aka keɓe wanda ya tuba ya gyara, har aka ce za a musanya masa munanan ayyukansa da kyawawa. Su wane ne ma Sahabbai in ba tubabbu ba? Ranar da aka buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan Hijira, gumaka 360 aka tarar a kewayen Ka'aba. Khalid ɗan Walid da ya juya yaƙin Uhudu a kan Musulmi, shi ne daga baya aka yi wa laƙabi da Takobin Allah. Da Usamatu ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, bisa zaton tsoro ne ya sa shi, Manzon Allah (SAW) tuhumarsa ya yi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya ga abin da ke ciki. To mu wa ya ba mu wuƙar tsaga zukata?

Mu ma jikokin tubabbu ne. A Dutsen Dala aka bauta wa Tsumburbura ƙarƙashin Barbushe, sai a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka kafa salla a fadar Kano. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tarar da bori ya yi ƙarfi a tsakanin matan karkara. Ba gori ta yi musu ba. Ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta naɗa wa jagororinsu (jaji) malfa, ta tura su ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Ta gane cewa wanda ya baro wani gida yana bukatar inda zai sauka, in ba haka ba zai koma inda ya fito.

Yanzu mu juya ɗaya gefen, inda muke da saurin yafiya. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihin, ya kawo sharuɗɗa uku ga laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa: ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba. Idan kuwa laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam, akwai na huɗu: ya mayar da haƙƙin ko ya nemi yafiyar mai shi. Wannan na huɗun shi ne muka binne.

Auwalun Daudawa ne ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020. A Fabrairun 2021 ya bayyana a Gusau, ya miƙa bindigogi, ya rantse da Alƙur'ani, aka kira shi tubabbe. A Afrilun wannan shekarar ya koma daji, a can aka kashe shi. Ba ina yanke hukunci a kan makomarsa ba, wannan na Allah ne. Tambayata ga masu shirya irin waɗannan bukukuwa ce: wa ya tambayi iyayen yaran ko sun yafe? Shanu nawa aka mayar wa masu su? Gwamna yana iya yin sulhu don a samu a yi noma, wannan siyasa ce, a kira ta da sunanta. Amma ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba.

Haka azzalumin cikin gari. Ya haɗiye gonar marayun ɗan'uwansa, ya riƙe kuɗin fanshon tsofaffi, goman ƙarshe na azumi sai ga hotonsa a Facebook sanye da harami yana hawaye. Ya dawo da dabino da zamzam, liman ya matsa masa a sahun gaba. Wannan shi ne tuban muzuru, kaza a baki. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan matsiyacin Lahira irinsa yake nufi: mai zuwa da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya zalunta har ya ƙare.

Za a ce ai akwai bokayen da ke canza riga kawai, su ɗaura rawani su ci gaba da damfara. Gaskiya ne. Amma abin da ya fallasa su aikinsu na yau ne, ba tarihinsu ba. Kuma bokan da ya karɓe kuɗin mata da ƙarya ko ya raba aure, sharaɗi na huɗu ya hau kansa kamar kowa. Ma'aunin ɗaya ne: abin da ke tsakanin mutum da Allah mu karɓi zahirinsa mu yi shiru, abin da ke tsakaninsa da mutane mu nemi a biya.

Saboda haka malamai su riƙa faɗin sharaɗi na huɗu a kan mumbari, ko da mai gina masallacin yana zaune a gabansu. Duk hukumar da za ta kira wani tubabbe ta fara zaunar da shi gaban waɗanda ya cuta. Mu kuma talakawa mu daina gorin abin da Allah Ya yi alkawarin shafewa, mu ajiye zafinmu ga wanda har yanzu haƙƙin wani ke cikin aljihunsa.