Abin Da Ke Kashe Kanari A Cikin Ɗaki

Kiwon tsuntsu don sha'awa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wasu kan ajiye kanari saboda daɗin kukansa, wasu aku ko tsirya saboda kwaikwayon magana. A da can kuwa wurin rataye keji sananne ne: zaure, ko ƙarƙashin rumfa, ko bakin shagon tela, inda iska take kaɗawa. To, zama ya sake. Mutane da yawa suna zaune a gidan haya na ciki da falo, a Kano ko Kaduna ko Legas, tagogi a rufe saboda sauro da ɓarayi, tsuntsu kuma ya bi ubangidansa cikin ɗaki. Shi ya sa ake yawan jin cewa an kwanta kanari lafiya lau, da safe aka tarar da shi a mace a ƙasan keji. Wasu su ce kambun baka ne, wasu su ɗora wa tsaba laifi. Sau da yawa kuwa iskar ɗakin ce ta kashe shi.

Numfashin tsuntsu ba irin na ɗan Adam ba ne. Ban da huhu, yana da waɗansu jakunkunan iska a jikinsa, galibi guda tara, waɗanda ke sa sabuwar iska ta riƙa ratsa huhun, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Wannan shi ke ba shi ƙarfin tashi sama, shi ne kuma ke sa guba ta shiga jininsa da sauri. Masu haƙar kwal a Ingila sun daɗe da sanin haka. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani masani mai suna John Scott Haldane ya ba da shawarar a riƙa shiga ramin kwal da ƙananan dabbobi ko tsuntsaye, domin in akwai muguwar iska su za su fara faɗuwa, ma'aikata su gani su fita da ransu. Ba a daina shiga da kanari ramukan ƙasar ba sai a 1986, da aka maye gurbinsa da na'ura.

Irin gubar da ake tsoro a ramin kwal, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke fita daga janareta da kuma gawayin da ake hurawa a kurfoti a rufe ƙofa lokacin hunturu. Saboda haka in tsuntsu ya faɗi a irin wannan ɗaki, kada maigida ya tsaya jimamin kuɗinsa. Ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da iyalinsa waje, gama abin da ya kayar da kanari bai ƙyale jaririn da ke kwance a gadon ba.

Sai turaren wuta, wanda uwargida ba ta son a taɓa mata shi. Ba a ce ta daina ba, amma kafin a ɗora kasko a fitar da keji, kada kuma a mayar da shi sai hayaƙi ya washe. Haka maganin sauro, na kunnawa da na fesawa, da hayaƙin taba, da warin sabon fenti. Akwai kuma kaskon suya na zamani wanda abinci ba ya kamawa a cikinsa. In aka manta da shi a kan wuta ba kome a ciki, yakan fitar da tururin da ke iya kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci. Kicin dai ba wurin keji ba ne ko kaɗan.

Wani zai ce, to sauro fa? Tambaya ce mai kyau, domin sauro kan ɗauko wa kanari wata irin agana ta tsuntsaye. Maganinsa shi ne a lulluɓe keji da ƙyallen gidan sauro da magariba, amma wanda ba a jiƙa da magani ba. Da sanyi a ƙara zane a rufe ɓangare uku, a bar ɗaya don iska. Tsuntsu yana bukatar duhu da shiru kamar awa 10 zuwa 12 kowane dare, wanda aka ajiye kusa da talabijin kuwa ba ya samun haka.

Mutane kan rataye keji can kusa da silin don tsoron kyanwa da ɓera. Tsoron daidai ne, sai dai hayaƙi da zafin kwano a sama suke taruwa. Daidai tsayin idon mutum ya fi, a jikin bango, nesa da fanka. Kejin kuma ya fi kyau ya zama mai faɗi bisa ga mai tsawo, tun da tsuntsu gaba yake tashi, ba sama yake miƙewa ba. Hantsi yana ƙara masa ƙarfin ƙashi, musamman aku, amma hasken da ya ratso ta gilashi ba ya wannan aiki. A fitar da shi da safe na ɗan lokaci, a bar masa gefen inuwa.

Shara ma tana da ƙa'ida. Busasshen kashin aku kan ɗauki ƙwayar wata cuta mai sa wa mutum zazzaɓi da ciwon huhu, don haka a yayyafa ruwa kafin a kwashe, a canza takardar ƙasan keji kullum. Gyaɗar da ta yi funfuna kada a ba shi, ko da kyauta aka samo ta, haka nan fiya da abinci mai gishiri.

Tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa har sai ya ci ƙarfinsa. In aka ga ya bar sanda ya zauna a ƙasa, gashi a tashe, baki a buɗe, jela tana motsi tare da numfashi, a fitar da shi inda iska take, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kada a jira gobe.